Rubutun baibai, dutsen guga da tsagar Gobirawa

Wannan makon maganar sana'a za mu yi, sana'ar da wasunmu a Sabon Birni da Isa suka kama tun da zuwa gona ya zama kasada: buga rubutu da hoto a kan riga da ƙaramar firinta ta gida. Jesin ƙwallon unguwa, rigunan ɗaliban Islamiyya ranar sauka, tishat ɗin abokan ango, duk yanzu a ɗakunanmu ake yin su.

Dalilin da ya sa muka rungumi firinta mai tawada, irin su Epson L3110 da L3210, shi ne wuta. Ba ta cin komai, ƙaramar sola da batir ɗaya sun ishe ta, alhali mai leza sai ta durƙusar da inbata. Injin matsa riga kuwa ya haura wat 1,000, shi ya sa mafi yawanmu dutsen guga na gawayi muke ɗorawa. Kayan aikin ne matsala. Takardar tiransfa daga Sakkwato ko Kano take zuwa, kuma kowa ya san hanyar da take biyowa. Ba mu manta motar da aka ƙona da fasinjojinta kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021 ba. Takardar da direba ya sayar da ransa ya kawo ba ta gwaji ba ce.

To ga inda takarda ta fi salwanta. Tiransfa ta fararen riguna kifa ta ake yi a kan yadi, fuskar tawada a ƙasa, a danna da zafi, a ɓare bayan. Abin da ke dama a takarda hagu zai koma a riga. Don haka dole a buga shi baibai, kamar yadda zai bayyana a madubi. Masu sassaƙa hatimi a bakin kasuwa sun daɗe da sanin wannan, a juye suke yanka haruffa. Amma takardar baƙaƙen riguna ba a juya ta, domin ita ɓare ta ake yi tukuna a shimfiɗa fuska sama. Mai kanti ba lallai ya gaya maka wacce ya ba ka ba, sai ka karanta kwalin. Akwai kuma sabilimeshan, shi ma a juye ake buga shi, sai dai yana son tawadarsa daban, da farin yadi na roba, da zafi kusan digiri 200 wanda gawayi ba zai riƙe maka daidai ba.

Juyawar ba wuya. A kwamfuta, cikin saitin firintar Epson akwai wurin da aka rubuta Mirror Image, ka sa masa alama. Word ba ya juya rubutu kai tsaye, sai an sa shi cikin akwatin rubutu an juya shi ta 3-D Rotation, a sa X digiri 180. Wanda ya tsara aikinsa a waya, ya adana shi a matsayin hoto sannan ya juya hoton gaba ɗaya. Sau ɗaya kawai. In ka juya a waya, firinta ma ta juya, ka koma gidan jiya.

Rubutun boko ba ya ɓoye laifinsa, ko yaro ɗan firamare zai ga sunan ƙungiya ya fito bahago. Larabci da ajami ne ke yaudara. Su daga dama suke tashi, in an juya su sai su tashi daga hagu, kuma matashin da bai saba da su ba zai kalli takardar ya kasa faɗin ko an juya ko ba a juya ba. Mun ga rigunan sauka da sunan makaranta ya fito a birkice a ƙirjin yara, iyaye sun biya, walima gobe. Maganinsa madubin aski: ka ɗaga takardar gabansa, ka kira wanda ya yi allo ya karanta abin da ke ciki kafin wuta ta taɓa ta. A ra'ayinmu ma, aya ba ta da wuri a kan tishat, domin da ita yaro zai shiga banɗaki, da ita zai yi birgima a ƙasa. Sunan makaranta da shekara sun wadatar. Takardar da ta lalace kuma, in akwai sunan Allah a kanta, ko a juye yake sunan Allah ne, a ƙona ta, kada ta shiga bola.

Hoto ya fi rubutu haɗari, don shi ba ya nuna an yi kuskure. Hoton da ya fito a juye kyakkyawa ne, sai wanda ya san mai shi ya duba. Aljihun babbar riga da ke hagu ya koma dama. Ɗalibin da ya karɓi shahada da hannun dama ya koma yana karɓa da hagu a gaban malaminsa. Mu kuma nan Gobir muna da abin da ya fi wannan. Tsagarmu ba ta zuwa daidai a kumatu biyu, gefe guda ya fi ɗaya yawa, kuma dattijo daga nan har Tsibiri ya san wane gefe ne. Yaran yanzu ba a cika yi musu ba, saboda haka a fuskar iyaye da kakanni ta rage, waɗanda da yawansu sun rasu, wasu suna gudun hijira wajen Gidan Rumji, hoto ɗaya tak ya rage a wayar ɗa. In ya kawo maka shi ka mayar da tsagar ɗaya gefen, ka ba shi fuskar da ba ta ubansa ba.

Wani tarkon kuma, wasu wayoyi suna adana hoton kyamarar gaba a juye tun asali. Kafin ka taɓa komai, nemi shaida a cikin hoton, aljihun riga ko wani rubutu a bango, ko ka tambayi mai shi.

Sauran abu na guga ne. A kan katako mai tauri ake dannawa, ba katifa ba, a busa tokar dutsen kafin a ɗora, kada ta zuba kan farar riga. Ga hunturu na tafe, ƙura da bushewa suna toshe bakin tawada. A rufe firinta da zane, a buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako a kan takarda ta banza, ko babu aiki.