Gidan Burkutu: Na Kaka da Na Bariki

Mun sani, tun daga ganin kan wannan rubutu wasu masu karatu za su yi tsaki, su ce me ya haɗa malamin makaranta da zancen giya, me kuma ya haɗa mujallar marubuta da gidan burkutu. To, a yi mana haƙuri a saurara tukuna. Ba talla muka zo yi ba. Addininmu ya haramta giya, kaɗan ɗinta da mai yawanta, kuma rabonmu da ita tun ranar da muka karɓi kalmar shahada muna aji biyu na sakandare. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A gidan Maguzawa aka haife mu, a wani ɗan ƙauye da ke wajen Malumfashi a kudancin Katsina, kuma da kuɗin burkutun kakarmu aka ɗinka mana rigar makaranta ta farko. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wanda bai taɓa ganin ana dafa burkutu ba yana zaton abu ne da ake damawa kamar kunu. Ba haka ba ne. Aikin mako guda ne cur, kuma aikin mata ne. Kaka takan auno jar dawa, ta wanke, ta jiƙa ta kwana a ruwa. In gari ya waye ta tsame, ta baza a kan tabarma a cikin ɗaki mai duhu, ta rufe da ganye, tana yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai dawa ta yi tsiro. Wannan tsiron shi ne asirin abin, domin shi ke mayar da garin hatsi ya zama zaƙi. Daga nan a shanya a rana, mu yara a ɗora mana aikin korar kaji da awaki, sa'an nan a niƙa, a kwaɓa da ruwa a manyan tukwanen ƙasa, a dafa. A bar shi ya kwana ya yi tsami, kashegari a sake ɗora shi a murhu, a yini ana tura itace ana juyawa da muciya doguwa kamar sandar makiyayi. In ya huce aka tace, sai Kaka ta ɗauko wani ɗan tulu da take ɓoyewa a ƙarƙashin gadonta, ta zuba ragowar dahuwar da ta wuce. Wannan ragowar ce ke tayar da sabuwa. Cikin dare, in gida ya yi tsit, kana kwance kana jin randuna suna tsuwwa suna kumfa su kaɗai, sai ka ce masu rai.

Kafin a zuba wannan ragowa akwai ruwan zaƙi wanda bai tashi ba, ba ya bugarwa, shi ne rabonmu. Har yau in muka wuce inda ake dafa kunun tsiro, ƙanshin kan mayar da mu bakin murhun nan.

Mashayan ƙauyenmu ba su san sunan kamfani ba, sunan mace suka sani. Matan unguwa sun raba kwanaki a tsakaninsu don kada su kashe wa juna kasuwa, kuma kowa ya san hannun kowace. Ta wance takan yi ruwa domin tana ƙyashin dawa. Ta wance kullum da ƙauri, saboda gaggawarta ba ta barin ta rage wuta. Ta Kaka kuwa ja ce kamar ƙasar jigawa, mai kauri, tsaminta da zaƙinta ba wanda ya danne wani, kuma tana tafasa a cikin ƙoƙo har lokacin da za a kai ta baki. Tsofaffi sukan ce burkutu mai kyau ci ake yi, ba sha ba, kuma akwai gaskiya a zancensu, domin dawa ce tsagwaronta, manomi kan sha ƙoƙo biyu ya koma kunya bai nemi tuwo ba. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, cikin mutum kan cika kafin kansa ya juya. Ga ta kuma ba ta ajiyuwa. In ta kwana biyu ta zama ruwan tsami, sai dai a zubar. Saboda haka mai dafawa ba ta da wurin ɓuya: abin da ta dafa jiya shi za a sha yau a gabanta, in ya ɓaci a faɗa mata a idonta.

Shi kansa gidan ba wani gida ba ne. Gindin tsamiya ne a bayan danga, da kututture uku huɗu da aka jera, da randa a tsakiya, da ƙoƙuna a kife a kan faifai. Amma yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Duk wanda ya zo, sai Kaka ta ɗebo da ludayi ta kurɓa a gabansa, sa'an nan ta miƙa masa ɗanɗano kyauta. In ta yi masa ya saya, ta ƙara masa gyara, in ba ta yi ba ya tashi ba wanda zai ce masa uffan. Kurɓar nan da take yi rantsuwa ce, wato tana cewa abin da zan ba ka na ba cikina. Saurayin da bai yi aure ba ba ya zama a kututturen manya. In rana ta faɗi an tashi, ko da saura a randa. Kuma mun sha ganin Kaka ta dubi wani ƙato ta kife masa ƙoƙo ta ce, "Ɗan nan, ya isa, tashi ka tafi, matarka na jira." Ya yi ta gunaguni, amma ya tashi, don ita ta yanke masa cibiya.

A gindin tsamiyar nan ake yanke ranar gayya, a nan ake sasanta rikicin iyakar gona, a nan ake fara jin ƙishin-ƙishin ɗin wa ke neman 'yar wa. Ranar gayya kuwa ba a biyan kowa ko kwabo, randunan da aka kai bakin gona su ne lada, kuma mai gonar da burkutunsa ya yi ruwa, baɗi sai ya yi nomansa shi kaɗai.

Kada mai karatu ya ce mun shafa wa abin zuma. Mun ga ɓarnarsa da idonmu, a cikin gidanmu ma. Muna da kawu wanda rumbunsa kan cika da kaka, amma kafin marka ta sauka 'ya'yansa suna cin tafasa ba gari, don dawar duk ta bi ta maƙogwaronsa. Mun ji kukan mata da dare. Mun ga dattijo mai furfura kwance a kwata yara na yi masa dariya. Dokokin Kaka suna rage ɓarna ne, ba su hana ta ba, kuma ita da kanta takan ce sana'ar da ta gada ce, ba wadda ta zaɓa ba.

Giyar kwalba baƙuwa ce a ƙasar nan. Tun bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawan Ingila suka sa Arewa cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita daga Turai, saboda haka burkutu da fito suka daɗe suna cin kasuwarsu ba kishiya. Sai a 1949 aka fara yin Star a Ikko, a 1963 kamfaninta ya buɗe masana'anta a Kaduna, daga baya Jos ma ta samu tata mai suna Rock. Abin dariya, a 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir da kamfanonin ke amfani da shi, sai ga su sun dawo kan dawa. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta ranar da labari ya iso gindin tsamiya ba. Kaka ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe masu injin ma tukunyata suka dawo? To, su sayi dawar a hankali, kada su tsauwala mana mudu."

Mun fara ganin mashayar bariki da kyau ne lokacin da karatu ya kai mu Zariya. Hanyarmu ta zuwa tasha takan ratsa Sabon Gari, kuma ko ba ka shiga ba ƙofa a buɗe take: kujerun ƙarfe, fitila ja da shuɗiya, kiɗa kamar zai tsaga bango, firiji na gurnani, ga mai farfesu a gefe. Abokan karatunmu masu sha ba su da zancen da ya wuce sanyi, wace mashaya ce giyarta ta fi raɓa a jikin kwalba. Mu da muka taso inda ake gardama kan hannun mai dafawa, abin ya ba mu mamaki, domin kwalbar da ke nan ita ce a Kano, ita ce a Ikko, ba wanda zai ce ga matar da ta dafa ta. Mai mashaya bai san sunan ubanka ba, kuma muddin aljihunka bai bushe ba, ba zai taɓa cewa ya isa ba. Duk da haka dai kwalba na da hatimi, tana da tsada, kuma tsadar nan kan yi wa yaro katanga.

A shekarar 2000 Jihar Katsina ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A lokacin Kaka ta riga ta tsufa, yawancin jikokinta mun musulunta, wasu sun shiga coci wadda ita ma ta hana sha. Randunan suka koma na ajiyar ruwa. Ba mu yi kuka ba, gaskiya. Mun ɗauka an rufe babin ke nan.

Aikin koyarwa ne ya kawo mu Jos, a nan muka gane babin bai rufu ba, salo ya sake. Gidajen burkutu suna nan birjik a unguwanni, kuma akwai mata masu dafa ta da gaskiya, suna biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta kamar yadda aka biya mana. Amma tukunyar ƙasa ta ba wa tsohon duro na ƙarfe wuri, duron da ba wanda ya san abin da ya fara ɗauka, ƙoƙo ya koma roba. Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da ake kira goskolo, wani ruwa fari kamar hawaye, mai ƙona maƙogwaro, wanda ba a san mai haɗa shi ba balle a tambaye shi abin da ya zuba. Wasu masu burkutun, ganin samari sun guje su, sai suka shiga tsiyaya shi a cikin randa don tasu ta yi saurin kamu. Ga kuma barasar leda, 'yar mitsitsiya, wadda ƙarfinta kan kai kusan kashi 40 cikin 100, tana rataye a shago kusa da alewa da omo, kuɗinta bai kai na burodi ba, tana shiga aljihun wandon makaranta ba a gani. Irin wannan barasa ta bayan fage ba wasa ba ce: a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai gubar da ake kira methanol, wadda kan makantar kafin ta kashe. A 2024 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Mu dai a makaranta ba mu daina tsintar ledojin a bayan ajujuwa ba a shekarar.

Akwai wani yaro da muka koyar a aji biyar. Ba za mu faɗi sunansa ba. Shi ne mai karanta insha'insa a gaban aji in muna son sauran su ji yadda ake rubutu. A zango na biyu muka lura yana barci tun darasin farko, in ya zo kusa kuma akwai wani wari da yake rufewa da cingam. Mun yi masa faɗa, mun yi masa bulala, mun kira shi ofis mun yi nasiha, ya yi kuka ya yi alkawari. Da muka bincika sai aka ce mana ai uwarsa mai burkutu ce. Nan take muka yanke hukunci a zuciyarmu, mu da ya kamata mu fi kowa sanin kada mu yi haka. Muka ce to, ga inda gizo ke saƙa. Muka aika mata takarda mai zafi, ba ta zo ba, mu kuma ba mu je ba.

Bayan hutun ƙarshen shekara bai dawo ba. Sai a watan Nuwamba labari ya zo cewa ya rasu, idanunsa sun yi ɗorawa, ciki da ƙafafu sun kumbura, likita ya ce hanta ce. Muka tafi gaisuwa mu uku. Gidan na bayan wani dutse, ka ratsa lungu ka tsallake kwata. A tsakar gida ga murhu uku a mace, ga tsiron dawa a shanye a kan buhu kaji na ci ba mai korarsu. Ƙanshin wurin kaɗai ya isa ya sa gwiwarmu ta yi sanyi.

Uwar na zaune a kan tabarma. Da aka ce mata ga malamansa, ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wane ne ya rubuto takarda. Muka ce mu ne, Mama. Ta ce an karanta mata, kunya ce ta hana ta zuwa. Sa'an nan ta nuna randunan da ke jere a jikin bango ta ce, "Malam, shekarata 22 ina wannan sana'a. Ko ludayi ɗaya ban taɓa ba shi ba, kuma ba yaron da ke zama a gidan nan. Da a nan yake sha, da na gani, da na kife masa ƙoƙo. A shagon bakin titi yake saye, da kuɗin motar da nake ba shi."

Ba mu sami abin cewa ba sai Allah ya ba da haƙuri. Da za mu tafi ta shiga ɗaki ta fito da littafin insha'insa, ta ce mu duba ko akwai wanda ba mu sa wa maki ba, don ya sha faɗa mata malam bai gama dubawa ba. Akwai guda biyu. Muka zauna a kan kututturen da ke bakin ƙofa, muka ciro jan biro.