Daga Adaka Zuwa Kwandon da Ake Naɗewa

Wanda ya yi wayo kafin shekarun 1980 zai tuna cewa a ɗakin kowace tsohuwa akwai kusurwar da yaro ba ya dosa sai an aike shi. Can adaka take zaune, an ɗora ta kan duwatsu huɗu don kada gara ta biyo ta ƙasa, a bisanta akwatin ƙarfe mai baƙin fenti da zanen furanni, bugun maƙeran gari, a bisansa kuma kwalla biyu ko uku, babba a ƙasa ƙarama a sama, makulli kuwa yana ƙulle a haɓar zanen mai ɗaki, da shi take kwana da shi take tashi. Ba kullum ake buɗewa ba. Sai jajibirin salla, ko ana gobe suna, ko an yi baƙuwar da ta isa a yi mata kyautar turmi, sa'annan za ka ji kwaɗo ya yi ƙara, ƙamshin kafur da turaren wuta su riga zannuwan fitowa. In za a sake wa ɗakin daɓe, ƙarti biyu ake kira su ciccibi adakar. Ma'ajin tufafin yau, ƙaramar yarinya ma sai ta naɗe shi ta saƙale a hammata.

Ku leƙa Kasuwar Wambai ko ta Sabon Gari a Kano ku sha kallo. Ga kwandon wanki na raga mai miƙewa da kansa, ga akwatin yadi mai kusurwa huɗu da ake jerawa a kan kanta, ga doguwar jaka mai zif da tagar leda wadda ake turawa ƙarƙashin gado, har da wadirob ɗin yadi mai ƙafafun bututu. Akasarinsu daga Sin ake shigo da su, kuma sirrin arharsu yana cikin naɗewar nan. Adaka, ko cike take ko wayam, gurbinta ɗaya ne a bayan mota, don haka mai sayenta har dakon iskar da ke cikinta yake biya. Waɗannan kuwa a shafe ake lodinsu, tuli guda a kwali ɗaya.

Gaskiya akwai basira a aikin, ba na musu. Ɗauki kwandon raga. Wata siririyar wayar ƙarfe ce, irin wadda ke komawa yadda take in an lanƙwasa ta, aka zura cikin kalmasar yadin. Ka kama gefe biyu ka murɗa, sai zagayen ya ninku gida uku, kwandon ya koma kamar faifai, ka sake shi kuma ya buɗe fat. Ragar ma ba don ado aka yi ta ba. Rigar da aka tuɓe da gumin watan Afrilu, in ta kwana a rufaffen bokiti, kafin safiya ta yi tsami, da damina kuma har fumfuna take yi, alhali raga tana barin iska ta ratsa kaya. Shi kuwa akwatin yadi, kwali ne aka ɓoye a bangonsa, wani kwalin daban yana gindi yana tokare da su. Ka zare na gindin, sai bangon ya kwanta. Yawancin yadin ba saƙa ba ne, zaren roba ne aka baza aka manne da zafi, babu na tsaye babu na kwance, shi ya sa in ya daɗe a rana sai ya fara marmashewa a hannu. Wanda zai saya ya fara duba hannun. In a bakin baki kawai aka ɗinka shi, ranar da aka cika kwandon da jiƙaƙƙen wanki ranar zai tsinke. Mai aminci shi ne wanda maɗaurinsa ya zagaya ta ƙarƙashin gindi ya ɓullo ɗaya gefen.

Amma ku 'yan baya, kada ku ɗauka ma'aji mai naɗewa baƙo ne a ƙasar nan. Mun san shi tun kafin zif ya shigo. Mai wanki zai yi sallama da sassafe, a shimfiɗa tsohon zane a tsakar gida, uwargida tana jefa kaya tana ƙirgawa da ƙarfi shi kuma yana maimaitawa, riga uku, wando biyu, zane biyar, kallabi huɗu, don kada gobe a yi musu, sai ya haɗa kusurwa biyu ya ƙulle, ya haɗa sauran biyun ya ƙulle a kansu, ya ɗora ƙullin a ka ya nufi rafi da sabulun salo da bula da sitacinsa, ya shanya a kan ciyawa, manyan riguna kuma a kai wa masu bugu su fito da ƙyallinsu. Da yamma kayan su dawo a ninke cikin wannan zanen dai, shi ma an wanke shi tas. Aikinsa ya ƙare, a ninke shi a jefa kan gado, in sanyi ya sauko cikin dare a lulluɓa da shi. Kwandon raga kuwa, in wayarsa ta huda kalmasa ta leƙo, sai bola.

Tsakanin ƙullin nan da kayan Sin akwai wata jaka da ba za a tsallake ba, mai ratsin ja da shuɗi da fari. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su fice daga Najeriya, cikinsu da 'yan Gana kusan miliyan guda. Mutumin da aka ba 'yan kwanaki ya tattara rayuwarsa ba zai tsaya neman kafinta ba. Jakar saƙar roba suka samu, marar nauyi, mai cin kaya, sunan Ghana Must Go kuma ya bi ta har yau. Daga baya ta shiga ko'ina: kayan ɗalibai, kayan 'yan tireda, da kuɗin 'yan siyasa in maganar gari gaskiya ce. A 2007 kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya fito da mai kama da ita cikin kayan ƙawarsa, a ƙarshen 2023 kuma kamfanin jiragen sama na Habasha ya hana fasinjojinsa na Najeriya auna kaya a cikinta, don tana lalata na'urar jan kaya a filin jirgi.

To me ya raba mu da adaka? Ba katako ne ya ƙare ba, zama ne ya sauya. A da tufafi kaɗan ne kuma dukiya ne. Turmin atamfa, ko ta Holan ko ta masaƙun Kakuri a Kaduna, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ajiya ce da mace za ta iya fitarwa ta sayar ranar da ta shiga matsi, don haka dole a yi mata gida mai kwaɗo. Mutum kuma a gidan da aka haife shi ake yi masa aure, a nan ake fitar da gawarsa, akwatin ma sai ya shiga lissafin gado. Yanzu gwanjo ya cika gari, yaro ɗaya yana da rigunan da kakansa bai mallaka ba tsawon rayuwarsa, ɗaki kuwa ciki da falo ne na haya, wa'adi na cika mai gida ya yi ƙari a tashi. Ɗan bautar ƙasa da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, wa zai sa adaka a A Daidaita Sahu?

Sai dai ɓera bai san zamani ya sauya ba. Ƙarfe ya gagare shi, yadin roba kuwa dare ɗaya ya ishe shi. In ruwan Agusta ya shigo ɗaki, kwalin gindin ne ke fara jiƙewa ya saki, akwatin ya durƙushe da kayan ciki. Ba kwaɗo, ba sirri, ta tagar ledar nan kowace baƙuwa tana iya ƙirga zannuwan matar gida.

Wuri ɗaya ne har yanzu ba a yarda da abin da ake naɗewa ba, wato lefe. Daga kwandon kaba aka koma fantimoti, aka yi zamanin Echolac, yanzu saiti ne mai taya, kuma babu dangin angon da za su shiga gidan surukai da jakar yadi, ko da kayan ciki sun kai miliyoyi. Bayan biki da 'yan watanni amarya ta juye kayan cikin jakunkuna masu zif ta tura ƙarƙashin gado, akwatunan kuma a zura ƙarami cikin babba a ɗora saman wadirob, sai in tafiya ta taso a sauko da ɗaya.