Ƙwayar Ƙura Ɗaya Tak

Mu mazauna zango, daga Nima har Kumasi, wayar hannu ta zame mana jakar kuɗi, kuma da ita muke sada zumunci da dangi a Kano ko Maraɗi. In fuskarta ta fashe kuwa, gyaran yakan girgiza aljihu. Shi ya sa muke manna mata gilashin kariya.

To, amma da yawanmu da mun ga kumfa a ƙarƙashinsa sai mu zargi mai sayarwa. Alhali kumfar nan iri biyu ce. Ta iska, da katin banki ake tura ta gefe ta fice. Wadda ƙwayar ƙura ta haddasa kuwa, ko wuni aka yi ana dannawa tana nan daram, sai an ɗaga gilashin an ɗauke ƙurar da salatif.

Saboda haka da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ma yin wannan aiki a bakin titi. Mukan shiga ɗaki, mu kashe fanka, mu goge fuskar da tsumma mai laushi, mu daidaita gilashin daga sama, sannan mu sake shi ya kwanta da kansa. Sauri dai, in ji magabata, ya haifi nawa.