Baƙar Jarka da Zafin Rana

A gidanmu na Zongo, nan Agoè, muna da wata baƙar jarka da muke ɗorawa bisa kwano tun da hantsi. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi, yara su yi wanka ba a taɓa gawayi ba. Amma in dare ya raba, musamman da hunturu, sai ruwan ya huce sarai. Da asuba dole tsofaffinmu su jira a hura wuta kafin su yi alwala, buhun gawayi kuwa kullum sai ƙara tsada yake.

Mun daɗe muna ɗora wa iska laifi. Ashe baƙin ma yana da nasa. Baƙin fenti gwani ne wajen shan hasken rana, amma kamar yadda yake sha, haka yake amayar da zafin ta wani haske da ido ba ya gani. Tamkar ɗan kasuwa ne mai yawan ciniki, aljihu a huje.

Tun 1955 wani masani a Isra'ila, Harry Tabor, ya nuna ana iya yi wa ƙarfe shafin da zai sha rana, ba ya mayarwa sai kaɗan. A yau ana yin shafin da kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na silin gashi ba, da ƙwayoyin ƙarfe mitsi-mitsi a cikinsa. Mai kyau yakan shanye kusan kashi 95 cikin 100 na hasken, abin da yake amayarwa kuwa bai kai ushirin na baƙin fenti ba. In aka rufe shi da gilashi, aka haɗa da tanki mai riƙe zafi, ruwan yamma zai kai asuba da ɗuminsa.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne kaɗai. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa ta Nijar, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Yamai daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun rana. Jami'ar Yamai ma sunansa ta ci.

Iyayenmu da aka tasa daga tsohon Zongo a 1977 sun zo sun tarar da fili, suka gina gari. Mu kuwa ga masu walda a unguwa, ga 'ya'yanmu a jami'a, ga rana kyauta bisa kanmu. Me ya hana mu haɗa su, ko da a masallacin unguwa ne mu fara? Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune. Allah ya sa mu dace, amin.