Randa da Batir: Darasin Wata 'Yar Na'ura a Lambun Zurmi

A ranin shekarar 2021 kawuna ya daina kwana a lambunsa da ke bayan garin Zurmi. Tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya, kowace fita ta zama kasada da rai. Ita kuwa albasa babu ruwanta da wannan. Ƙasa ta bushe kwana biyu, ta yi yaushi. Ni malamin Hausa ne a Ƙaura Namoda, ban san komai game da lantarki ba, amma wani ɗalibi maƙwabcina ya ce za mu iya haɗa abin da zai riƙa auna damshin ƙasa yana aiko wa Kawu da saƙon waya, don kada ya fita sai ta kama dole.

Muka sami ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, ESP32, wanda bai fi ɗan yatsa tsawo ba, da abin aika saƙo, SIM800L, da batir mai lamba 18650 da wani mai gyaran waya a Shinkafi ya ciro mana daga tsohuwar kwamfuta. Batir ɗin yana ba da bolt 4.2 idan ya cika, abin aika saƙon kuma yana aiki tsakanin bolt 3.4 da 4.4. A takarda lissafi ya fita. A aikace kuwa, da zarar na'urar ta zo aika saƙo sai ta ɗauke, ta sake tashi daga farko.

Ɗalibin ya gano dalili. Yayin magana da eriyar sabis, abin aika saƙon yakan zuƙi wuta har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. Tsohon batir da siririyar waya ba sa iya kawo wannan nan take, sai ƙarfin ya faɗi. Ya yi ta bayani da Turanci, ni kuma ina lalube a cikin kalmomin da muke koyarwa a aji, na rasa wadda zan miƙa wa Kawu. Kawu ya gama saurare ya ce: "Malam, wanga abu naku randa shika biɗa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Haka abin yake. Abin da masana ke kira kafasita, randa ce ta wuta: tana tarawa a hankali, ta juye gaba ɗaya lokacin buƙata. Muka ɗaura ɗaya kusa da abin aika saƙon, muka sa waya mai kauri, saƙo ya tafi. Daga nan muka koya wa allon barci mai nauyi. Sau biyu a rana yake farkawa, ya auna, ya aika, ya koma. Batir da a da yake ƙarewa cikin kwana biyu sai ya riƙa kai makonni, da taimakon ɗan faifan sola.

A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda matakan tsaro. Ba mu koya wa na'urar haƙura ba. Ta farka, ta nemi sabis, ta rasa, ta ci gaba da nema dare da rana, ga gajimaren damina ya rufe rana. Da muka samu ɗauko ta, batir ya zube ƙasa da inda irinsa ke farfaɗowa. Kawu ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Cigiya ta kashe shi." Yanzu idan ta nemi sabis sau uku babu amsa, sai ta adana awon ta kwanta.

Mu masu nazarin Hausa mun saba zama a ɗakin taro muna ƙirƙiro kalmomin kimiyya daga ƙamus, sa'an nan mu yi mamakin yadda ba sa kama bakin jama'a. Randa, barci, cigiya: duka ukun daga bakin mai noman rani da mai gyaran waya na tsince su, kuma kowace ta bayyana yadda abin ke aiki. Na fara rubuta irinsu a wani ɗan littafi. Kawu kuwa har yanzu yakan tambaye ni ko an duba randar.