Gani Ya Kori Lalube

A daminar 2021 ne motar da ta ɗauko Baffana daga Doguwa ta kife a dajin Falgore, a kan hanyar Jos zuwa Kano. Kafin a kai shi wani babban asibiti a Kano ya zubar da jini mai yawa, har jijiyoyin hannunsa suka lafe, aka rasa inda za a sa masa ƙarin ruwa. Likita ya ce sai dai a zura siririyar roba ta babbar jijiyar wuya, wadda ke mai da jini wajen zuciya. Da yake likitan ba ya jin Hausa, sai aka tsai da ni tafinta.

A nan na fara jin kunya, ni mai nazarin Hausa. A gefen wuya manyan jijiyoyi biyu ne ke kwance kusa da juna: ɗaya tana harba jini zuwa ka, ɗaya tana dawo da shi. Ta biyun ake nema, ta farkon kuwa haɗari ce, amma duka "jijiya" muke ce musu. Sai na ce, "Baffa, akwai mai bugawa, akwai mai kwanciya. Mai kwanciyar za a shiga, don Allah kada ka motsa."

Likitan ya bi tsohuwar hanya, wato ta alamun jiki. Ya lalubi kwarmin da ke tsakanin rassa biyu na naman wuya, a saman ƙashin da ya gitta ƙirji, ya ji bugun jini, ya soka allura a gefensa. Jini ja wur ya yi tsartuwa. Nan take ya zare, ya danne wurin na 'yan mintoci, domin mai bugawar ya taɓa.

Sannan aka samo na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. A allonta na ga baƙaƙen da'irori biyu. Da ya danna, ɗaya ta lotse, ɗayar ta tsaya tana bugawa. Ashe jijiyar Baffa ta tsuke don rashin jini, ta kuma hau kan 'yar'uwarta maimakon ta kwanta a gefe. Yana kallon bakin allura ya shiga sau ɗaya, ya zura waya, ya bi ta da roba, dabarar da Seldinger na Suwidin ya fito da ita a 1953.

Daga baya na karanta cewa tun 2002 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar amfani da na'urar wajen wannan aiki, domin tana rage yawan suka da huda jijiyar da ba ita ake nema ba. Duk da haka ban raina likitan ba. Na'ura tana son kuɗi da wuta da horo, kuma ranar da babu ita, hannun da ya san alama shi ne zai ceci rai.

Da Baffa ya warke na ba shi labari. Tsohon maharbi ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kuka takan nuna maka inda rafi ya saba bi, amma rafi yakan sake hanya."

Ya 'yan'uwana ɗalibai, saura namu aikin. Har yau Baffa bai san sunan jijiyar da aka huda masa ba, ni ma ban da wanda zan ba shi.