Ƙarfe da Yumɓu a Murhu Ɗaya

Mu da muke noman dawa da riɗi a yankin Doka, cikin jihar Gadarif, mun san Umm Rakuba tun duniya ba ta san sunanta ba. Da aka sake buɗe sansanin a watan Nuwamba 2020 saboda masu gudun yaƙin Tigray, sai muka wayi gari da dubban maƙwabta. Itace ya yi nisa, gawayi ya yi tsada, dole muka fara duban murhunmu da idon basira.

A gidajenmu kisra a kan sajin ƙarfe ake yin ta, masa kuwa a tanda. Su baƙin namu injera suke toyawa a kan wani faffaɗan kaskon yumɓu da suke kira mogogo. Ran nan mun kai dawa kasuwarsu, muka tambayi wani dattijo mai gyaran lantarki, muka ce, "Baba, me ya hana ku amfani da ƙarfe kamar mu?" Ya yi dariya, ya zaunar da mu.

Ga abin da muka ƙaru da shi. Baƙin ƙarfe ya fi gasasshen yumɓu saurin wucewa da zafi kusan sau 50. Saji yakan ɗau zafi nan da nan, ya huce nan da nan, wannan kuwa ya dace da kisra tunda ba ta da kauri. Kasko mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ya riƙe ke nan, ko an zuba masa ƙullu mai sanyi.

Dattijon ya ce a biranensu mogogo na lantarki ake amfani da shi. Akan yi 'yan kwaroro a ƙasan kaskon, a kwantar da naɗaɗɗiyar waya a ciki, a liƙe. Wayar haɗin nikel ce kashi 80 da kuromiyam kashi 20, wadda Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906. Tana yi wa lantarki tirjiya, shi ya sa take yin ja zur ba ta tsinke ba. Shi kuwa busasshen yumɓu ba ya barin lantarki ya ratsa shi, sai zafin kawai ya kai wa ƙullu, mai tuya ta tsira da hannunta. In ya jiƙe fa, a yi hattara. Farin ƙashin da ke jikin filogin babur ma aikinsa ke nan.

Sai dai zaman ƙarfe da yumɓu yana da sharaɗi. In sun ji wuta ƙarfe ya fi buɗewa, yumɓu kuwa bai iya miƙewa ba, sai ya tsage. Mu kanmu mun ji a jikinmu. Mun sayi kanun mai cikin yumɓu saboda arha, wata bai zagayo ba ya dare gida biyu, don maƙerin ya manna su kai tsaye. Murhun jiko da aka ƙera a Kenya a shekarun 1980, wanda irinsa ya shigo Sudan da sunan kanun Surur, akan sa masa shimfiɗar siminti da wani dutse maras nauyi a tsakani. Yumɓun yana tsare zafi a ƙarƙashin tukunya, ƙarfen yana kare shi daga faɗuwa, gawayi kuma ya yi auki. Iyayenmu mata, don Allah a daina kashe garwashi da ruwa a cikinsa, a juye shi waje tukuna.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 Gadarif ta ƙara cika da jama'a, itatuwan kuwa ba su ƙaru ba. Muna da maƙera, muna da magina tukwane, kowa na sana'arsa shi kaɗai. Muna roƙonsu su zauna a rumfa ɗaya su ƙera mana murhu mai ƙarko, tun kafin 'ya'yanmu mata su riƙa wuni a daji neman itace. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.